Bakin da Ya Gina Rumbu

A shekarar da aka fara jin cewa hanyar jirgin ƙasa ta baro Zariya ta nufo Gusau, damina ta yi wa mutanen Tsafe sallama ba shiri. Gero dai ya sha, an yanke shi, ko da yake zangarniyar ba ta cika ido ba. Dawa kuwa ta yi ciki ke nan ruwa ya ɗauke, ta tsaya nan a gona tana ƙonewa daga ƙasa. Fulanin da suka saba zama har shanunsu su ci karan gona, tun ba a gama kai dami gida ba suka kaɗa dabbobinsu suka yi kudu. Tsofaffi suna ganin wannan duka, amma ba wanda yake so a ce shi ya fara furta sunan abin da ke tafe.

Ana cikin haka saƙo ya iso cewa wani wakili zai zo Gusau daga Sakkwato. An ware wani kaso na harajin da ke baitulmali don a yi wa ƙasar gabas aiki, ana kuma so a ji bakin Gusau da Tsafe da Bungudu kafin a yanke abin da za a yi da kuɗin. Dattawan Tsafe suka zauna, bakinsu ya zo ɗaya: a gina rumbunan ajiya, a sayi hatsi tun yana da araha, a rufe har ranar da za a buƙace shi. Da aka zo batun wanda zai je ya faɗa, kowa ya dubi Yahuza.

Yahuza manomi ne, ba ya riƙe da sarauta, ba shi da dukiyar a zo a gani. Abin da aka san shi da shi raba gardama. In shanu sun yi ɓarna, ko 'yan'uwa sun saɓa kan iyakar gona, shi ake kira, don maganarsa gajeriya ce kuma ba a taɓa kama shi da ƙari a cikinta ba. Ranar da zai tafi, matarsa Hafsatu ta ɗaure masa guzuri, ta raka shi har bakin zaure.

Ta ce, "Maigida, ka faɗi abin da aka aike ka, ka juyo. Kada ka tsaya ja-in-ja da mutanen birni."

Ya ce, "Mi zai sa in tsaya? Abin da ke gona kowa ya gan shi."

Ya hau jakinsa, ya bi ta gindin dutsen Kwatarkwashi, duk inda ya waiwaya dawa ce a tsaye ja wur kamar an bi ta da wuta. A Gusau ya tarar da mai magana da yawun Bungudu, wani dattijo dogo da ake kira Jatau. Su Bungudu rijiyoyi suka so, amma da suka tattauna Jatau ya yarda cewa ciki ne kan gaba, ya yi alkawarin zai mara wa Tsafe baya.

Da hantsi aka taru a wani babban zaure. Wakili yana zaune kan shimfiɗa, mutum ne mai ƙarancin magana, da wuya ka karanta fuskarsa. Dattawan Gusau da fatake da dillalai sun jeru a gefe, dogarai a bakin ƙofa, a waje kuma jama'a sun cika suna miƙa wuya. Aka ba Tsafe dama ta fara.

Yahuza ya gurfana ya ce, "Ranka shi daɗe, geron bana bai kai na bara ba, dawa ta mutu a tsaye. Rijiyoyinmu sun ja baya tun yanzu. Muna roƙo a gina rumbuna, a sayi hatsi tun yana da araha, a ajiye." Ya koma ya zauna. Wani dillali ya yi hamma, wani ya ɓare goro.

Sai Malam Ummaru ya gyara zama. Shi ne bakin Gusau, attajiri ne mai sayen auduga da gyaɗa yana kai wa Turawan kanti, ya kuma yi karatu daidai gwargwado. Ba ya ɗaga murya. A hankali yake magana, har sai mutum ya karkato kafin ya ji, kuma kafin ya ankara zauren duk ya karkato.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, da ni ne mai yanke hukunci, da na ba ƙanena Yahuza abin da ya roƙa tun bai zauna ba. Mutum ne da ƙasar nan duk ta san gaskiyarsa. Abin da ya ce ya gani a gona, ya gani. Sai dai ina da 'yar tambaya irin ta jahili. Wa ya ba shi labarin baɗi?"

Sannan ya ci gaba. Ya ce wanda ya saukar da ruwan bara bai gaza ba, bai kuma yi shawara da kowa ba. Ya ce in hukuma da kanta ta gina wa yunwa ɗaki, ai ta aika mata goron gayyata ke nan. Daga nan bai sake cewa rumbu ba, sai "gidan gara". Kuɗin nan gumin talakawa ne, in ji shi, shin za a kwashe gumin talaka a binne a gidan gara, ɓera ya ci rabi, gara ta ci rabi? Sau uku ko huɗu ya maimaita, har aka ji wani daga waje ya ɗauka yana dariya.

Yahuza bai iya haƙuri ba. Ya ce, "Malam, ai Annabi Yusufu ma ya yi ajiya."

Malam Ummaru ya yi murmushi ya ce, "Tsira da aminci su tabbata a gare shi. Shi Ubangijinsa ne ya sanar da shi. Kai fa, ƙanena, wa ya sanar da kai?"

Zaure ya ɗauki dariya.

Sannan Malam Ummaru ya kawo tasa buƙatar: a gyara hanyar mota, a yi gadoji kan rafuka. Jirgi na tafe, ya ce, kuma garin da jirgi ya tarar ba shi da hanya zai zauna yana kallon arziki na wucewa ta bayan gidansa. In ma yunwar ta zo, Allah shi kiyaye, rumbu yana ƙarewa, hanya ba ta ƙarewa, mota sai ta kawo hatsi daga inda aka yi ruwa. Yahuza da kansa ya ji wannan ta shige shi, don ba ƙarya ba ce. Daga ƙarshe Malam Ummaru ya juya wajen dattijon Bungudu cikin ladabi.

"Baba Jatau, wanga gini, a wane gari aka ce maka za a yi shi?"

Jatau ya dubi Yahuza. Ba su taɓa wannan batu ba.

Malam Ummaru ya ce, "To, hanya dai ba ta zaɓen gari. Ta ƙofar Tsafe za ta shigo, ta ƙofar Bungudu za ta fita."

Da aka tambayi Jatau ra'ayinsa sai ya ce zai sake tunani. Wakili ya ɗage zama zuwa washegari.

Bayan la'asar Yahuza yana zaune gindin durumi a ƙofar masaukinsa, abin duniya ya ishe shi, sai ga Malam Ummaru a ƙasa, shi kaɗai, da goro a hannu. Ya zauna kan tabarmar kamar tsohon aboki.

Ya ce, "Ka ji haushina."

Yahuza ya ce, "Ka mai da ni abin dariya, Malam."

"Kai ka mai da kanka. Ka kawo musu gaskiya tsirara, su kuwa manya ba su kallon tsiraici. Ka ce gero bai kai na bara ba. Cikin waɗanda ke zauren nan wa ya taɓa riƙe fartanya? Ba a kama babban mutum da hujja, ƙanena. Da tsoro ake kama shi, ko da kunya. Ka sa shi ya ga kansa cikin abin da kake faɗi, ka toshe masa ƙofar fita, ka bar masa ɗaya tak."

Yahuza ya dube shi da mamaki. "Mi ya sa kake faɗa mini wannan?"

Malam Ummaru ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Kokawa da wanda ya faɗi tun ba a kama ba, ba ta da daɗi." Ya ajiye goron ya tafi.

Akwai abin da Yahuza ya binne a cikinsa tun shekarar Kakalaba, babbar yunwar da ta share ƙauyuka lokacin yana sabon magidanci. A cikinta 'yarsu ta fari ta rasu, tana da shekara huɗu. Kasancewarta 'yar fari, shi da Hafsatu ba su taɓa kiran sunanta ba tana raye, don kunya, bayan ta rasu kuma ba su sake tayar da zancenta ba ko tsakaninsu. Yana zaune gindin durumin nan har rana ta yi ja, yana auna abin. Ya tuna dawar da ya wuce a hanya, ya tuna dattawan da ke jiransa. Ya ce a ransa, in buɗe wannan miki ne zai cika wa Tsafe rumbu, to a buɗe shi.

Da safe zauren ya fi na jiya cika, har kan katanga akwai mutane. Da aka ba shi dama, Yahuza bai ambaci gero ba, bai ambaci dawa ba. Ya gurfana gaban Wakili.

Sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, ina da 'ya. Sunanta Shafa'atu."

Sunan ya fito daga bakinsa kamar na baƙuwa. Ya faɗi yadda suka ci dusa har ta ƙare, suka koma ganyen tafasa, suka koma haƙa gidan tururuwa suna kwashe 'yan ƙwayoyin da ta tara. Ya faɗi yadda yarinyar ta daina kuka, yadda gashinta ya yi ja, yadda ya ɗauke ta a kafaɗa ya zaga kasuwa da kuɗi a hannu babu mai sayar masa ko tafi ɗaya. Ya faɗi yadda ya haƙa mata rami shi kaɗai, don maƙwabta ba su da ƙarfin ɗaga magirbi. Ya ga wani bafatake yana share ido da bakin rawani, ya kuma ji wani abu da bai taɓa ji ba, irin abin da mahayi ke ji in doki ya bi linzami. Abin ya tsorata shi, amma bai tsaya ba.

Ya juya ga jama'a. "Wa ke nan da bai binne kowa ba a Kakalaba? Shi ɗaga hannu." Ba wanda ya motsa. "Wa ke nan da ya ci hanya a shekarar nan ya ƙoshi?"

Daga nan maganar ta ja shi ta wuce inda ya yi niyya. Ya ce a Tsafe babu gidan da ke da abin da zai kai shi tsakiyar rani, alhali ya san akwai gidaje da yawa da za su iya kai bazara in sun tsuke. Ya ce mutanen arewa har sun fara barin garuruwansu, alhali jita-jita ce ya tsinta a hanya. Ya ce gobe ma ta yi nisa. A ƙarshe ya dubi Wakili, ya sassauta murya kamar yadda ya ga an yi jiya.

"Ranka shi daɗe, in abin ya auku, ba za a tambayi sunan manomin Tsafe ba. Za a tambaya, wa ke zaune kan wagga shimfiɗa ranar da aka zo aka faɗa?"

Fuskar Wakili ta canza. Ya gyara rawani, ya dubi Malam Ummaru.

Malam Ummaru ya gurfana, idonsa cike da hawaye. Ya ce, "Ranka shi daɗe, na sauka daga maganata. Allah ya sa gaskiya a bakin wanga bawa nasa, ni kuwa ba zan yi jayayya da ita ba. A bar hanya, a gina rumbu." Aka yi ta kabbara daga waje. Yahuza ya sunkuyar da kai.

Amma Malam Ummaru bai koma ya zauna ba. Ya ce tun da an yarda, saura a san yadda za a yi, kuma da gaggawa, tun da ƙanensa ya ce gobe ta yi nisa. Rumbuna a warwatse ɓarayi za su ji daɗi, gwamma a haɗe su wuri ɗaya a Gusau, tsakanin garuruwan biyu, inda akwai dogarai, don kada Tsafe ko Bungudu wata ta ce an fifita wata. Gini da katanga da masu gadi za su ci kaso mai yawa na kuɗin, abin da ya saura ba zai cika rumbunan ba. Saboda haka kowane gida ya kawo dami a matsayin ajiya, ranar buƙata a mayar masa.

Yahuza ya ɗago da sauri. "Ranka shi daɗe, ba haka muka roƙa ba. Sayen hatsi muka ce, ba karɓa daga hannun talaka ba."

Malam Ummaru ya ce, "Ƙanena, kai ka ce yunwa na bakin ƙofa. Wanda ya bar hatsinsa a gida zai cinye shi kafin rani ya raba, ko ya sayar. Ashe ba tsare masa za mu yi ba? Ko kuwa abin bai kai yadda ka faɗa ba?"

Duk zauren ya juyo yana kallon Yahuza. In ya ce bai kai ba, ya ƙaryata kansa a gaban Wakili, ya kuma mai da sunan 'yarsa abin wasa. Sai ya koma ya zauna.

Jatau, wanda tun jiya yake neman gefen da zai fi tsira, ya ce ai wanda ya sauka daga ra'ayinsa don Allah shi ya fi cancanta a ba amana. Nan take Wakili ya danƙa aikin rumbu a hannun Malam Ummaru, aka shafa fatiha.

Maganar ta riga Yahuza fita. Da ya biyo ta kasuwa da azahar, layin 'yan hatsi ya zama kango. Waɗanda da safe ke kiran mai saye sun ɗaure bakin buhunansu sun kwashe, 'yan kaɗan da suka saura suna faɗin farashin da jiya za a ce hauka ne. Ya ji wata mai fura tana ce wa wata, "Mutumin Tsafe ya rantse gaban Wakili yunwa ta iso." A bakin kasuwar ya ga jerin jakuna ana sauke kaya a ƙofar wani babban shago. Ya tambaya na wa ne. Aka ce na Malam Ummaru ne, tun farkon kaka yake sayen gero a ƙauyuka yana tarawa, shi ne kuma zai sayar wa baitulmali.

A Tsafe an tarbe shi da murna, dattawa suka yi ta sa masa albarka. Murnar ba ta daɗe ba. Kafin wata ya mutu dogarai suka iso da jakuna, suna bi gida gida. Wanda ya ce abin da ke rumbunsa ba zai ishe shi ba sai su ce, "Ai shi ya sa za a ajiye maka. Mutuminku ne ya roƙa." Dami ɗaya aka ce, amma dogari ne ke zaɓen damin, kuma wanda ya ga ƙarami sai ya haɗa biyu.

Hafsatu ba daga bakinsa ta ji ba. A bakin rijiya ta ji mata suna ba da labarin, da sunan, da jan gashin, da ramin, har da abin da bai faɗa ba. Ta dawo ta sauke tulu, ta tsaya a bayansa yana gyaran igiya.

Ta ce, "Ni da na haife ta ban taɓa faɗin sunan ba. Yau na ji shi a bakin mai tallan daddawa."

Ya ce, "Don mutane na yi, Hafsatu."

Ta ce, "To, Allah shi sa mutanen su amfana." Ta shige ɗaki. Ba ta sake tayar da zancen ba, ta ci gaba da yi masa duk abin da ta saba, amma ta daina zama kusa da shi in yana cin tuwo.

Rani ya yi tsawo. Hatsi ya ɓace daga kasuwannin ƙauye, wanda ya fito kuma sai mai shanun sayarwa. Gidajen da da za su kai bazara suka ƙare tun da sauran tafiya, saboda damin da aka ɗauka. Da aka fara dafa ganye zalla a unguwarsu, Yahuza ya koma Gusau, wannan karon a ƙasa, don ya riga ya sayar da jakin.

Ya tarar da rumbunan a bayan gari, manya, a jere cikin doguwar katanga, dogarai na zaune a inuwa. Malam Ummaru ya karɓe shi da fara'a, ya sa aka kawo masa ruwa.

Yahuza ya ce, "Malam, lokaci ya yi. A buɗe."

"An fara haƙa gidan tururuwa a Tsafe?"

"Ba a fara ba tukuna."

"An binne wani?"

Yahuza ya girgiza kai.

Malam Ummaru ya ce, "Ka gani. Kai ka koya mana yadda yunwa take. Wannan tsada ce, ba yunwa ba. In na buɗe yanzu, ranar da ta gasken ta zo mi zan ba su? Kuma buɗewa sai da izinin Sakkwato."

Yahuza ya ce, "Tun farko rumbun kake so."

"Ni? Da hanya aka yi, ni zan kawo lebura da abincinsu. Aka yi rumbu, ni na sayar da geron. Ban shiga zauren nan don hanya ba, ban shiga don rumbu ba. Kai ne ka shiga da abu ɗaya a hannu." Ya dafa kafaɗarsa. "Amma ka iya magana, wallahi. Ban taɓa ganin wanda ya koya da wuri haka ba."

Da ya dawo Tsafe ya tarar da samari da magidanta sun taru a bakin kasuwa da gatura da sanduna. Sun gaji, za su tafi Gusau su fasa katangar su ɗauki abinsu. Yahuza kuwa ya riga ya ga bindigogin dogarai jingine a inuwar katangar nan da idonsa, ya san abin da zai biyo baya. Ya hau kan wani kututture. Da farko ya faɗa musu gaskiya, cewa za a harbe su, ba wanda ya saurara. Sai ya sauya. Ya yabi jaruntakarsu, ya kira iyayensu da suna ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su wa zai noma gonakinsu in sun kwana a gidan yari ruwa ya sauka. Da ya ga sun fara sassautowa sai ya ba su abin da za su riƙe. Ya ce an yi masa alkawari, da zarar sabon wata ya tsaya za a buɗe. Ba wanda ya yi masa wannan alkawari. Suka sauke gatura suka watse.

Wata ya tsaya, ya yi kwanaki, babu jaki ko ɗaya daga Gusau. A lokacin an fara binne yara da tsofaffi. Mutane suka daina amsa sallamarsa. In ya shiga sahu a masallaci sai na kusa da shi ya matsa. Wata safiya ya fito ya ga an ɗage jinkar ɗan rumbunsa an kwashe abin da ya saura, kuma duk unguwar ba wanda ya ji motsi. Bai kai ƙara ba. Ya ce wa Hafsatu ta ɗaure kaya, suka ɗauki yaransu biyu suka bi ayarin masu yin kudu, inda aka ce ana ba masu aikin hanyar jirgi abinci.

Sai da damina ta kankama aka buɗe rumbunan Gusau. Abin da ya iso Tsafe bai kai rabin abin da aka ɗauka ba, an ce gara ta ci saura. Duk da haka ya tsirar da wasu, kuma a Gusau an yi ta yi wa Malam Ummaru addu'a, ana cewa ba don hangen nesansa ba da garin ya tashi. Yahuza ya ji wannan daga bakin fatake, yana ɗaukar ƙasa a kwando a sansanin aikin jirgi.

Abincin sansanin ba ya isar mai iyali. Ƙaramin ɗansa ya fara kumburin ƙafa. Aikin kuma yana cin mutane, wasu zazzaɓi ya kwantar, wasu sun gudu da aka yi ruwa don su koma gonakinsu. Wata rana da hantsi shugaban lebura ya zo ya tsaya kan tudun ƙasar da suke tarawa. Ya ce ana neman wanda ya iya baki, wanda zai zaga ƙauyuka ya shawo kan mutane su bar gona su zo aiki. Wanda ya karɓa ba zai sake ɗaukar kwando ba, kuma za a riƙa auna masa hatsi ninki biyu.

Can wani mutumin Tsafe da ke bayan layi ya nuna da haɓa ya ce, "Ga shi nan. Wancan in ya yi magana har Wakili sai ya bi."

Shugaban ya ƙare wa Yahuza kallo. "Gaskiya ne?"

Yahuza ya dubi bukkokin da ke gefen sansanin, inda Hafsatu ke zaune da yaron a cinya tana kore masa ƙuda. Ya san gonakin da za a bari in ya je, ya san damina ce, ya san abin da baɗi za ta zama ga wanda bai yi shuka ba. Ya daɗe a tsaye da kwandon a ka. Sannan ya sauke shi a hankali, ya goge tafin hannunsa a riga, ya tambayi shugaban da wane ƙauye za a fara.